Dutsen da Ya Faɗo Gonar Ladan

Kankia, farkon Afrilu

Zuwa ga ɗiyata Amatullah, a ƙasar Japan.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya zaman ƙasar mutane? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sako mu gaba. Matata Zuliha na gaishe ki, ƙafar tata ta yi sauƙi har tana zuwa rijiya.

In kin manta ni, Ɗalha ne ladan na Mawashi, wanda kakarki ta wajen uwa da ubana ciki ɗaya suka fito. Na zo Kankia wurin mahaifiyarki Jamilatu, na rubuta wannan da hannuna don ta ɗauki hotonta ta tura maki. Ta ce in yi magana cikin waya kawai, na ce a'a, in na buɗe baki yanzu zagi ne zai fito.

Ga abin da ya faru. Kowace shekara bayan girbi Jaji Bafulatani yakan sauka gonata da shanunsa, su ci kara su bar mani taki. Bana kafin azumi saniyarsa ɗaya ta kumbura ta mutu, ya ce ni na sa mata guba cikin harawa. Ni! Aka kai mu gaban mai unguwa, raina ya ɓaci, na ce in ni na yi Allah Ya sauko mani da aradu. Liman Malam Sharafaddeen ya ce ba a irin wannan rantsuwa, amma ta riga ta fita. Jaji ya kwashe bukkarsa da iyalinsa ya koma wajen Dudunni.

To makon jiya da hantsi, sama tas babu ko ɗigon gajimare, aka ji ƙara kamar an fasa tayar babbar mota, sai wani abu ya faɗo tsakiyar gonata. Baƙin dutse ne kamar kan akuya, ya nutse rabi cikin ƙasa, yana warin kwalta. Na taɓa shi na ji shi da sanyi.

Kafin Azahar gari ya gama yanke hukunci, wai rantsuwa ta ci ladan. Na ce wace irin aradu ce babu hadari? Suka ce ai wannan ya fi muni, ta musamman ce aka aiko. Yaran da ke kallon finafinai a waya kuma suka ce wasu halittu ne na wata duniya suka jefo, su na ma fi jin daɗin tasu maganar. Washegari na je kiran Asuba na tarar an ba wani ɗan unguwarmu, Badaru, makullin lasifika. Ubana ya yi kiran salla a masallacin nan har ya rasu, ni na gaje shi tun ba a haife ki ba. Yanzu liman ya ce in ɗan huta har a ga yadda hali zai yi.

Tsofaffi sun ce wutar aradu nono kaɗai ke kashe ta, kuma sai na je na roƙi nono wurin wanda na zalunta an zuba wa dutsen, sannan a ɗauke shi a maido mani makulli. Wato in je in durƙusa wa Jaji in ce na kashe mashi saniya. Wallahi ba zan yi ba. Mai unguwa ya hana a motsa dutsen har sai an yi hakan.

Jamilatu ta ce duwatsun sama kike karanta. To ki rubuto mani takarda mai ƙarfi da zan karanta masu, ki faɗa masu wannan ba aradu ba ce. Abin da nake so ke nan.

Kawunki, Ɗalha.

*

Japan, Afrilu

Kawu Ɗalha,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, na gode. A gaishe da Inna Zuliha. Ya za a yi in manta ka?

Kawu, na karanta maganar dutsen nan a wasiƙarka na sake karantawa. Baƙi, mai sanyi, mai warin kwalta! In abin da nake zato ne, to irin dutsen da nake rubuta digirina a kansa ne ya faɗo gonarka, kuma an gan shi ranar da ya faɗo. Mutane kan yi shekaru da yawa ba su dace da irin wannan ba.

Don Allah ka saurare ni da kyau. Kada kowa ya ƙara taɓa shi da hannu, har kai, domin hannun mutum na ɗauke da maiƙo da ƙazantar da ke shiga cikinsa nan take. Kada ruwa ya taɓa shi. Kada yara su kai masa maganaɗisu. Nono kuwa, kada ma a kusanto da shi. Ka sayi safar hannu a kemis, ka samo takardar nan mai ƙyalli da masu gashin kifi ke naɗe kifi, sabuwa, ka naɗe shi ka sa a babbar kwalba mai faɗin baki da murfi.

Ga dalili. Ƙasar nan da nake ta tura kumbo ya yi shekaru yana tafiya, ya ɗebo ƙurar wani ƙaton dutse mai kewaya rana, abin da bai wuce cikin ƙaramin cokali ba. Amurka ma ta ɗebo nata. An sami sinadaran da ake gina jikin mai rai da su a ciki, kuma yanzu masana na ta jayayya ko irin waɗannan duwatsun ne suka kawo su duniya tun farko. Duk dutsen da ya daɗe a ƙasa ba a yarda da shedarsa, sai a ce ƙazantar duniya ce ta shige shi. Naka sabo ne fil.

Kuma kada ka ba kowa shi. Bara an yi gwanjon wani dutsen duniyar Mars da aka tsinta a Nijar, can Amurka, har gwamnatinsu ta tashi bincike kan yadda ya fita. Na Zagami da ya faɗo nan ƙasar Katsina tun zamanin kakanni ma yau gutsattsarinsa sun watsu ko'ina a duniya. Ina so wannan ya zauna a jami'a a gida, da sunan Mawashi, ni a ba ni ɗan ɓalli in auna.

Ka turo hotuna ta kowane ɓangare, da ramin duka. Maganar masallaci kuma ka yi haƙuri, za ta wuce.

Amatullah.

*

Kankia, ƙarshen Afrilu

Amatullah,

Salamu alaikum. Muna lafiya, tunda ba ki tambaya ba na ga ya kamata in faɗa maki.

Na sa an buga mani wasiƙarki a takarda na karanta ta sau uku, ina neman inda kika yi maganata. Na same shi can ƙasa, layi guda, wai in yi haƙuri za ta wuce. Dutse ya samu shafi cur, an tambayi launinsa, an tambayi warinsa, an saya mashi riga mai ƙyalli da ɗaki mai murfi. Kawunki ya samu layi guda.

Sannan hannuna na da ƙazanta. Hannun da ke alwala sau biyar kullum tun kina goye. Gari ya ce bakina ƙazami ne mai rantsuwar ƙarya, na kawo kuka wurin ɗiyata, ita kuma ta ƙara mani da hannu. Madalla. Ranar da aka yi walimar tafiyarki a gidan nan na Jamilatu, da wannan hannun na yanka ragon, kuma na ga kin ci har da ƙari.

Kin san abin da nake ciki kuwa? Badaru na kiran salla kamar mai tallar kalanzir. Yana cin rabin kalmomin, lasifika na kuka, ni ina zaune a zaure ina jin kowane kuskure. In na shiga sahu, na kusa da ni sai ya ɗan ja kafaɗarsa. An yi suna gidan ƙanena, aka ba ni goro a kan murfin kwano don kada hannu ya haɗu. Zuliha ta daina zuwa gidan biki. Wannan ne zai wuce?

Ba zan iya naɗe maki dutse ba, na faɗa maki mai unguwa ya hana a motsa shi, ko wannan layin ma ba ki karanta ba? Abin da na yi, na kife shi da sabon daro na danne da bulo, saboda awaki. Ba don ke na yi ba. Ga hotunan nan Jamilatu za ta tura, na ari wayarta na je na ɗauko, kada ki ce na hana ki.

Ke da kike zaune inda ba a jin kiran salla sai dai waya ta yi maki ƙara, ban yi mamaki ba da ba ki san abin da aka ƙwace mani ba. Amma na yi zaton ko don zumunci za ki tambaya.

Takarda nake so. In ba ki iyawa ki ce ba ki iyawa.

Ɗalha.

*

Japan, tsakiyar Mayu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Inna Zuliha kuna lafiya, kuma da gaske nake tambaya.

Umma ta ce ka zo Kankia sau biyu ka koma kana faɗa, wai na raina ka shi ya sa na yi shiru. Ba shiru na yi ba. Layina ne ya zo a na'urar da muke jira wata da watanni, a ɗakin da ba a shiga da waya, kuma in na fito barci kawai nake iyawa. Sannan na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na rubuta amsa na goge ya fi a ƙirga.

Ban ce hannunka ƙazami ne ba. Na ce hannun mutum. Nawa ma, da na malamina da ya tsufa cikin aikin nan, ba mu taɓa dutse sai da safa biyu. Ka ɗauki maganar aiki ka mayar da ita zagi, har ka gorantar mini da naman walima. Kuma maganar kiran salla a waya ta yi mini zafi, Kawu. Kana zaton daɗi nake ji? Shekara huɗu rabon da in ji muryar mutum tana kira daga masallaci.

Amma kana da gaskiya a abu ɗaya, layi guda na ba ka. Ga takardar, ka karanta masu:

"Jama'ar Mawashi, abin da ya faɗo gonar Malam Ɗalha ba aradu ba ce. Aradu wuta ce da ke fita daga hadari, ba ta barin dutse. Wannan ɓallin dutse ne daga sararin sama, irinsa na faɗowa a ƙasashe da yawa, a gonakin musulmi da na waɗanda ba musulmi ba. Ya girmi duwatsun duniyar nan. Irinsa kan rabu da uwarsa ya yi dubban dubban shekaru yana kewaya rana kafin ya faɗo. Ya kamo hanyarsa tun ba a haifi Malam Ɗalha ba, tun ba a kafa Mawashi ba. Saboda haka ba zai yiwu a ce rantsuwar da aka yi bana ce ta jawo shi ba."

Ban ga ta inda mai hankali zai musa wannan ba.

Yanzu hotuna. Kawu, me nake gani haka? Ramin cike yake da busasshen kashin shanu da toka, ga wasu duwatsu uku masu baƙin hayaƙi a gefensa, kusan taku ɗaya. Duk faɗin gonarka a rasa inda zai faɗa sai kan juji? Me ake yi a wurin? Ina bukatar sani don in san irin ƙazantar da zan cire a lissafi. Kuma damina ta kusa, daro ba zai hana ruwa bi ta ƙasa ba.

Amatullah.

*

Kankia, ƙarshen Mayu

Amatullah,

Salamu alaikum. Lafiyar jiki akwai ta. Sauran kuwa ki ji abin da takardarki ta yi mani.

Na sa babbar rigata, bayan La'asar na miƙe na ce jama'a a dakata, ga saƙo daga ɗiyarmu masaniyar taurari. Na karanta da murya irin ta aikina. Da na zo wurin dubban shekaru na ga mutane na gyaɗa kai, na ce a raina yau Badaru zai miƙo makulli.

Malam Sharafaddeen ya bari na gama tsaf. Ya gyara rawani ya ce, "Madalla da wanga ilimi, Allah Shi yi ma yarinya albarka. Ku kun ji dai. Tun kahin a haihi kakan kakan Ɗalha aka sako shi. Ya yi ta tahiya bai kauce ba. Bai hwaɗa teku ba, bai hwaɗa Kano ba, ko Kusada nan bai hwaɗa ba, sai gonar mutumen da ya roƙe shi da bakinai. To wa ya san Ɗalha zai rantse tun sannan? Mi ya hi wanga nuna ikon Allah?"

Masallaci ya ɗauki kabbara. Har da waɗanda da ke tausaya mani.

Da can rabin gari ne ke cewa rantsuwa ta ci ni. Yanzu duka ne, kuma da shedar jami'ar Japan. Wani tsoho ya tare ni a hanya ya ce bai taɓa ganin wanda aka yi wa tanadi mai tsawo irin nawa ba. Ke kika ce ba ki ga ta inda mai hankali zai musa ba. Ai bai musa ba! Karɓa ya yi ya ɗaure ni da ita. Kin yi shekaru kina karanta sama, kin manta mutanen da kike rubuto wa sun yarda an rubuta komai tun kafin a yi saman. Ni ma na yarda, shi ya sa na tsaya da takarda a hannu kamar ɗan makarantar da ya manta hadda.

Yanzu mai unguwa ya ce kafin ruwan shuka ya sauka in je in roƙo nonon, in ba haka ba a tabbatar wa Badaru ladanci har abada. Na ce su tabbatar. Ban kashe saniya ba.

Kin tambayi juji. Ki yi haƙuri gonata ba ta kai tsabtar ɗakinku ba, da na san baƙonki na tafe da na share. Nan ne wancan maƙaryacin Jaji ke kafa bukkarsa kowane rani, duwatsu ukun murhun matarsa Adda ne, da suka tashi cikin fushi ba su ɗauka ba. Sai ki sa a lissafin. Zuliha ma ta ishe ni, sau biyu tana sa ni in sake karanta mata wurin nan na tambayarki.

Kada ki ƙara aiko mani takardar karantawa.

Ɗalha.

*

Japan, farkon Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka.

Na yi kuka da na karanta, na haushi da na kunya. Na so in ce liman ya murɗe magana, na zauna na duba na ga bai murɗe komai ba, ni ce na miƙa masa. Amma kai ma ka daina yi mini kamar da gangan na yi. Ka ce in rubuta, na rubuta iyakar abin da na sani.

Abu ɗaya dai muka haɗu a kai, ni da kai ba mu son nonon nan. Ka tsaya a kan bakanka. Nono cike yake da irin sinadaran da nake nema a cikin dutsen, in ya shiga babu wanda zai ƙara yarda da abin da na auna, ko a nan ko a ko'ina. Na sami wani malami a wata jami'a a gida da ya yarda zai zo da takardar hukuma ya ɗauke shi yadda ya kamata, sai dai sai ya gama jarrabawar ɗalibai. Ka riƙe mini shi zuwa lokacin. In aka zuba masa nono, Kawu, ban san ranar da zan huce ba.

Amatullah.

*

Japan, tsakiyar Yuni

Kawu, salam. Shiru? Umma ta ce ba ka zo Kankia ba. Kullum ina duba hoton tauraron ɗan'adam, ina ganin hadari na haɗuwa ta gabas da Kusada. In fushi kake, ka yi fushin amma ka gaya mini halin da ake ciki.

*

Kankia, ƙarshen Yuni

Ɗiyata Amatullah,

Assalamu alaikum. Muna lafiya ƙalau, ruwa ya sauka, mun yi shuka, gero har ya fito. Ba fushi ya hana ni zuwa ba. Na rasa yadda zan faɗa maki ne, sai na yi ta ɗagawa.

Ashe Zuliha da ta sa ni ina maimaita mata wasiƙarki, ƙulla tata take yi. Ranar da ta ce mani za ta dubiya, Dudunni ta tafi da ƙafar nan tata, ta sami Adda matar Jaji, ƙawarta ce tun da. Ba ta ce mata komai ba sai, "Ki zo ki ɗauki duwatsun murhunki, za mu yi huɗa."

Washegari da safe ina gona ina gyaran kunya, sai ga su, Zuliha da Adda. Adda na ɗauke da ƙwaryar nonon da za ta kai talla, da ɗanta goye. Su Fulanin sun ji labarin dutsen amma babu wanda ya zo ya gani, tsoro suke. Ta zo ta tsaya wurin murhun. Ta dubi duwatsunta, ta dubi daro, ta juya ta dubi bishiyar gawo kamar mai auna wani abu. Ta ce in ɗaga daron. Na ɗaga.

Sai ta sauke ƙwarya ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Ladan, nan nika shimfiɗa tabarma in kwantar da yaro in ina dahuwa. Nan ɗin nan. Da hantsi kullum nan yake." Ta kwance goyon ta rungume shi a gaba, tana ta faɗin abu da Fulatanci. Zuliha ta ce mata, "Da ba a yi faɗan saniya kun tashi ba fa?" 

Kafin in ankara ta jawo ƙwaryar ta buɗe faifai. Na gane abin da za ta yi. Ina tsaye kusa da ita, da na miƙa hannu da na tare. Wasiƙarki na cikin aljihuna, na san abin da kika ce kalma da kalma. Ban hana ta ba, Amatullah. Ta juye nonon duka a kansa, har da man da ke sama. Ban roƙa ba, ban durƙusa ba, ban ce na kashe saniya ba. Ita ta kawo da kanta ta zuba, tana cewa a kashe wutar da ta tsallake ɗanta.

Da yamma Jaji ya zo masallaci da sandarsa. Ya ce shi har yanzu bai san abin da ya kashe saniyarsa ba, amma ya janye maganar guba, kuma da Allah bai sa sun yi faɗa da ladan ba da yanzu ya binne ɗa. Aka juya ana kallon liman. Malam Sharafaddeen ya ce ai maganar da ya faɗa tun farko ke nan, an sako dutsen tun fil azal kuma an san wanda za a kawar daga hanyarsa. Ban san lokacin da ya faɗi haka tun farko ba, amma na bar shi. Masallaci ya sake ɗaukar kabbara, mutanen nan dai da suka yi waccan. Har yanzu in na tuna raina na tafasa, ko ɗaya bai ce mani yi haƙuri ba. Badaru ya miƙo makulli yana kallon ƙasa, ni na kira Magariba.

Dutsen na ɗauko shi, da safar hannu kamar yadda kika ce, ko da yake na san aikin banza ne yanzu. Yana cikin kwalba a ɗakin Jamilatu, yana warin kindirmo. Gefensa ya ɗan narke. Malamin nan na gida da kika samo ya zo ya ɗauka in yana so.

Na san abin da na ɓata maki. Ba zan ce maki ban sani ba, kuma ba zan ce da za a sake da na tare hannunta ba.

Kawunki, Ɗalha ladan.

*

Japan, Yuli

Kawu,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da yaron Adda, alhamdu lillahi da makulli. A ce wa Inna Zuliha ta fi mu duka, kuma ta huta wa ƙafar nan.

Ban huce ba. Kada Umma ta ce maka na huce. Dutse ya yi tafiyar da hankali ba ya iya ɗauka, ya iso da abin da ke cikinsa lafiya lau, ya ƙare a ƙwaryar nono kana tsaye kana kallo. Na gaya wa malamina, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, sannan ya tambaye ni wane irin nono ne. Za a iya sanin shekarunsa da irinsa, za a rubuta Mawashi a littafin duwatsun sama. Amma tambayar da na yi shekara huɗu ina bi, ba shi zai amsa mini ita ba, kuma ba na jin wani zai sake faɗowa gonar dangina.

Na yi ta tsara abin da zan ce maka. Sai in zo wurin tabarmar nan in tsaya. Taku ɗaya daga murhu, ni na auna shi da kaina a hoton, ina ta masifar toka.

Ka ce ba na jin kiran salla sai na waya. Gaskiya ne. Tunda ka ɓata mini dutse, ga abin da za ka yi. Ka ari wayar Umma, ka sa Badaru ya riƙe ta, shi da kansa, ya ɗauko mini kiranka na Azahar daga farko har ƙarshe. Zan cire na cikin wayata in sa naka.

Kada ka ɗauka sulhu ne. Ka dai turo.

Ɗiyarka, Amatullah.